Fangali Ashirin na Baba Na-Allah

A kwale-kwalen Gaya suka haɗu. Igiyar ruwa ta girgiza su, kalkuletar Zahiru ta suɓuce ta faɗa cikin kwandon albasar Balkissa.

"Wagga wace irin waya ce, babu wurin magana?" ta ce tana goge ta da gyale.

"Lissafi take zanawa. Ni malamin lakol ne, makarantar boko, a Malanville."

Kafin su kai gaɓa ya nuna mata yadda layi biyu ke gicciyewa a fuskar kalkuletar, amsar tana nan inda suka haɗu. Balkissa, da ta bar lakol a aji huɗu tana kuka, ta ji zuciyarta ta tafi, kuma ba wajen kalkuleta kaɗai ba.

Amma da Zahiru ya nemi aurenta, mahaifinta Baba Na-Allah na Garou ya ce atafau. "Mai latse-latse? Hannun da bai san fartanya ba?" Bara shinkafarsa ta ƙone don ƙarancin ruwa, ga Seydou mai injin ban-ruwa biyu yana ta zarya da goron neman aurenta. Baba ba ya tilas, sai dai ya dubi gona. Kallon nan ya fi duka ciwo.

Zahiru ya bar mata kalkuletar. Ta zauna gindin mangwaro ta rubuta: fangali ashirin, injinsu awa hamsin da biyu a sati, kowane fangalin shinkafa na shan awa uku, na albasa biyu. Ta latsa. Layuka biyu suka fito, kowanne ya kama gabansa.

Hawaye suka zubo mata. Ta rubuta masa: "Malamina, ba su haɗu ba. Gonarmu ba ta da amsa."

"Haba Balkina," ya amsa. "Tagar kalkuletar ce ƙarama, a goma take tsayawa. Buɗe ta zuwa talatin."

Ta buɗe. Ga su can gefe, sun gicciye: sha biyu da takwas! Ta ruga wurin mahaifinta.

"Baba, bana shinkafa sha biyu, albasa takwas. Ruwanmu ya isa, ba mu roƙon na kowa."

"In ta ƙone fa, ɗiyata?"

"In ta ƙone, ban ƙara kawo maka zancen Zahiru."

Wata huɗu tana zagaya gonar, tana duba duk ganyen da ya yi rawaya. Ko fangali ɗaya bai ƙone ba.

Ranar sussuka Baba ya damƙi shinkafa ya daɗe yana murzawa. "Shi ya yi lissafin ga?"

"Ni na yi. Shi taga kawai ya ce in buɗe."

"To. Wanda ya ƙara ma ɗiyata kai bai rage mata ba, ya iya noma. Ya turo magabatanshi."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure, da shinkafar gonar aka ciyar da Garou kaf. Baba ya riƙe hannun ango ya sa albarka, sannan ya raɗa masa: "Allah shi ba ku zaman lafiya. Amma abin latse-latsen nan, ka bar mata shi. Baɗi ina son ƙara tattasai."