Gurbin Da Ke Cikin Waƙar Kaka Kulsum

"Wallahi Kaka kin sake mantawa!"

Mariyatu ce ta faɗa tana dariya, tana tankaɗen garin masara a tsakar gidansu da ke Zongon Lome. Kaka Kulsum, mahaifiyar babanta, tana kan tabarma tana yankan kuɓewa, tana rera 'yar waƙarta ta kullum: "Ka tafi Kumasi da rani, mm-mm-mm, ga damina ta riga ka zuwa." Tun Mariyatu na ƙarama take jin waƙar nan, kuma kullum a nan Kaka ke rufe baki ta fitar da sautin ta hanci. Me ke cikin gurbin? Ta tambaya har ta gaji.

"Tankaɗe aka sa ki, sarkin tambaya," in ji Kaka.

A gefe, Lukuman mai gyaran rediyo ya duƙufa kan akwatin Alhaji Alasan, baban Mariyatu. Zuwansa na uku ke nan a kan rediyon da lafiyarta ƙalau, kowa kuwa ya san abin da ke kawo shi. Saurayi ne mai ladabi, aibinsa ɗaya a wurin Alhaji: yana kaɗa jita a ƙungiyar Samarin Zaure, masu son kiɗa irin na zamanin garmaho. Da ƙyar da roƙon dangi Alhaji ya karɓi gaisuwar iyayensa.

Bayan wata biyu Alhaji ya dawo daga rumfarsa ta goro ko sallama bai ƙarasa ba.

"Mariyatu! Ashe sunanki ne za a riƙa rawa da shi a mashaya? Duk kasuwa ana cewa makaɗin nan ya sa ki a kaset! Gobe zan mayar musu da kayansu, magana ta ƙare!"

"Baba, wallahi ban san..."

"Rufe min baki!"

Ta shige ɗaki ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Tana son Lukuman, son da ba ta iya ɓoyewa, amma ba ta aika masa ko da saƙo ba, ba ta kuma ɗaga wa mahaifinta murya ba. Kaka ce ta tare ɗanta a ƙofa.

"Kai ka ji waƙar da kunnenka?"

"Inna, ni zan saurari wannan shirme?"

"To ba za ka yanke wa ɗan mutane hukunci da jita-jita ba. A kira shi."

Washegari da hantsi Lukuman ya zo da rikoda, ya durƙusa gaban Alhaji, Kaka na gefe tana yankan kuɓewa. Mariyatu ta laɓe bayan labule.

"Baba, ku gafarce ni, waƙar a gidan nan na tsince ta, a bakin Kaka. Kwana uku tana yi min yawo a kai, sai muka ɗora mata jita da ƙaho irin na da. Wurin ɗaukar sauti kuwa kullum cike yake da masu waƙar yabon jam'iyya, safiya ɗaya tak aka ba mu. Makirfo ɗaya, mu biyar, in wani ya yi tari sai a sake daga farko. Da muka zo gurbin, mai wurin ya tsayar da mu. Ya ce, ‘Mon cher, abokina, waƙar soyayya ba sunan mace? Sa sunan budurwarka, kaset ya tashi!' Abokaina suka goyi bayansa, har mai ganga ya fita yana shelar an gama. Daga nan maganar ta shiga kasuwa."

"Ka sa ke nan," in ji Alhaji.

"Ban sa ba, Baba. Ya ce in ban cike ba ba zai kai ta gidan rediyo ba, na ce a bar ta. Da ni ma na ɗauka mantuwa ce. Amma na lura, mai mantuwa ba ya mantawa a wuri ɗaya kullum. Kuma duk sanda Kaka ta zo nan sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Ban san abin da ke ciki ba, na dai san ba nawa ba ne."

Ya danna rikodar. Jita ta fara a hankali, ƙaho ya bi ta, muryar Lukuman ta shigo: "Ka tafi Kumasi da rani..." Sai duk kayan kiɗa suka ɗauke, ba abin da ya rage sai sautin nan na hanci, sau uku. Sannan suka dawo.

Wuƙar kuɓewa ta faɗi daga hannun Kaka, hawaye na bin kumatunta.

Alhaji ya shiga motsa leɓe. Shi da yake ɗaukar waƙar aikin mata hayaniya, yau ya fara sauraren ta. Kumasi. Rani. Can mahaifinsa ya tafi sarin goro lokacin Alhaji yana ɗan shekara huɗu, ciwo ya kama shi, bai dawo ba.

"A-mi-du," ya faɗa a hankali, sunan ya zauna daram a gurbin. "Inna... Baba ne?"

Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska. Matar kirki ta zamaninsu ba ta kama sunan miji, ko yana raye ko ya rasu. Shekara arba'in da ɗoriya tana kiran sa a tsakar gida, ba wanda ya gane.

Mariyatu ta fito da gudu ta faɗa jikinta. "Kaka, ni kuwa ina ta yi miki dariya!"

"Ke da kika yi karatun boko a lakol ma ba ki gane ba," Kaka ta ce tana share ido, ta juya ga ɗanta. "Alasan, yaron nan bai san sirrina ba, ya rufa min shi. Wace shakka ta rage a ba shi jikata?"

Alhaji ya daɗe yana kallon Lukuman, sannan ya ce, "Mayar da ita baya. Sake sa min."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Waƙar ba ta taɓa shiga rediyo ba, amma kaset ɗin ya zaga Zongo hannu da hannu, kuma tsofaffin mata in an zo gurbin sai ka ga kowace ta sunkuyar da kai. Mariyatu ta yi haƙuri ta samu wanda take so. Ku kuwa 'yan mata ku riƙe wannan: so ba shelar suna ba ne, wanda ya kiyaye kunyar gidanku tun bai shiga ba shi zai kiyaye mutuncinku in ya shiga.