Laifin Ruwan Burtsatse

Baiwa tana tsakar gida tana tsintar shinkafa Hajiya Laure, mahaifiyar saurayinta Mujtaba, ta yi sallama. Tun daga Birnin Kebbi ta taso zuwa ƙauyensu da ke bayan Argungu, don ta ga yarinyar da ɗanta ya nace wa.

Baiwa ta durƙusa ta gaishe ta. Murna ta sa ta manta da rufe baki da mayafi kamar yadda ta saba, ta yi murmushi. Nan take fuskar Hajiya ta canza.

"Subhanallahi! Mi ya sami haƙoranki haka kamar tsatsa?"

"Hajiya, duk tsaranta haka suke," in ji Inna, mahaifiyar Baiwa, a sanyaye.

"Cutar gado ke nan! Ba da ni ba, ba a kawo min ita cikin jikoki!" Ko ruwa ba ta sha ba ta fice.

Baiwa ta yi kuka, amma ba ta karaya ba. Ai Mujtaba ma'aikacin hukumar ruwa ne a sabuwar Jihar Kebbi. Shi da kansa ya ɗebi ruwan burtsatsensu a kwalba aka auna, ya ce mata sinadarin fuloraid ne ya yi yawa, shi ke ɓata haƙoran yara tun suna ƙanana. Ba gado ba ne.

Ran Juma'a Mujtaba ya zo, ko babur bai kashe ba.

"Ka yi wa Hajiya bayani?"

"Baiwa, pilis ki fahimce ni..."

"Ka nuna mata takardar awon?"

Ya sunkuyar da kai. "An ba ni gida a Gesse, unguwar manya. Matan abokaina duk 'yan boko ne. Ranar biki in kinka yi dariya gaban mutane—"

"Ashe ba Hajiya ba ce," ta ce. "Kai ne! Ka san gaskiya ka ɓoye, ka laɓe bayan uwarka!"

Ya ja babur ya tafi.

Wata uku ba wanda ya ga dariyar Baiwa. Mahaifinta, Malam Yari, ya ce, "Ɗiyata, yi haƙuri. Wanda ya guje ki don haƙori, da ciwo ya zo fa?"

Wata rana ta ga ƙanwarta 'yar shekara biyu tana kwankwaɗar ruwan burtsatse, sai ta tuna da awon da Mujtaba ya yi. Ta tafi wajen Atiku, malamin asibitin garin, ta gaya masa abin da ta sani. Ya aika da ruwan tsohuwar rijiyar garin aka auna, aka tarar nata sinadarin daidai yake. Su biyu suka dinga bi gida-gida suna roƙon iyaye su riƙa tafasa ruwan rijiya suna ba ƙanana. Kafin damina ta zagayo, magabatan Atiku suka zo neman aurenta.

Ana saura mako biki Mujtaba ya dawo, wai Hajiya ta gane gaskiya, a yafe masa.

"Na yafe," in ji Baiwa. "Amma Hajiya rashin sani ne ya ɗauke ta. Kai fa?"

Ya juya ya tafi.

Haka Allah ya saka wa mai haƙuri. Tabon haƙori ruwa ne ya jawo shi, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mutum ya san gaskiya ya binne ta, ya bar masoyinsa da hawaye.