Iska a Cikin Kankare

A shekarar da aka sa dokar hana fita a Alƙahira, magariba kan zo wa unguwar Ard al-Liwa da wani irin shiru mai nauyi. Masu tuk-tuk, wato A Daidaita Sahu, su ɗauke ƙafa, masu shago su ja ƙofa, har karnuka su kama bakinsu. A irin wannan magaribar ce abin ya fara a hawa na huɗu na wani bene, gidan Injiniya Ɗantsoho.

Shi Ɗantsoho digiri na uku ya kawo shi Masar. Bincikensa a kan wani kankare ne da ake rage masa siminti, a cike gurbin da tokar ɓuntun shinkafa, don a rage hayaƙin da masana'antar siminti ke turnuƙe duniya da shi. Abin da ya rage masa shi ne ya gwada ko kankaren zai jure daskarewa, tunda ɗakunan sanyi na ajiye kifi da tumatir yake son a riƙa ginawa da shi a gida. To jami'a ta koma yau a buɗe gobe a rufe, ga izinin zamansa saura wata shida. Sai ya kwaso ƙananan bulo goma sha biyu ya jera a firizar matarsa. Da magariba ya saka, da safe ya fitar ya tsoma a baho. Kwana casa'in ake so. Ya yi sittin da ɗaya.

"Baban Fiddausi," in ji Mardiya, matar tasa, "ni dai na san kankare, na san ƙanƙara. Sai a gidanka na ga an ɗaura musu aure, an kori kazata daga ɗakinta."

Suna alwala suka ji wata ƙara. Ƙas. Shiru. Ƙas, ƙas. Daga cikin firiza, kamar wani na ƙwanƙwasa ƙofa da farce.

Ɗantsoho ya ce ai ilimi ne. Ruwan da ya shige ƙananan ramukan bulo in ya daskare kumbura yake yi, in bai sami wurin miƙe ƙafa ba sai ya tsaga. Mardiya ta ce ta ji. Amma ilimin ne ya jefo tsakuwa cikin tukunyar miyarta washegari? Ilimin ne ya jera wasu uku a kan dardumar salla?

Nan zargi ya shiga gidan ya sami tabarma. Ɗantsoho ya zargi Mardiya, don kowa ya san tana son firizarta. Mardiya ta zargi bawwab, mai gadin benen, wanda tun ranar da aka hau da buhun toka yake musu kallon masu haɗa bam. Bawwab ya zargi duk wani baƙar fata da ke benen. Har Ɗantsoho ya barbaɗa fulawa a gaban firiza don ya kama sawun mai yi. Da safe fulawa na nan lumui, bulo biyu sun dare gida biyu.

Fiddausi kuwa, 'yarsu mai shekara goma sha huɗu, ba wanda ya kula ta daina magana. Sai ranar da uwar ta same ta cikin bargo biyu, a zafin da ko bango gumi yake yi, haƙoranta na haɗuwa. Da aka kira sallar magariba ta ɗago kai, ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Sanyi. Wayyo sanyi."

Washegari tun la'asar Ɗantsoho ya tafi unguwar Darrasa ya ɗauko Malam Abdulbasit, mutumin Gumel da ya shekara ashirin a Azhar yana karatu yana yi wa mutane ruƙiyya. Malam ya zauna, ya dubi yarinya, ya dubi uwa, ya dubi uba, yana daɗewa a kan kowannensu, kamar mai neman wanda zai fara ƙifta ido. Sannan ya fara karatu a hankali. Haske na janyewa daga taga. Can yarinyar ta miƙe zaune, wuyanta ya sandare.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai toka."

"Me ya haɗa ki da yarinya?"

"Jikinta da ɗumi. Ka tambayi ubanta. Shekara arba'in ina kwance a tokar bayan wani ƙauye, ya zo da magariba ya kwashe ni da shebur, ko bisimilla babu. Ya dama ni da siminti, ya yi ta cakar mu da ƙarfe har ya kori duk iskar da ke ciki, bai bar ko kafar allura ba. Sannan ni da aka halitta da wuta, ya sa ni a ƙanƙara. Kullum! Ya fitar, in fara jin daɗi, ya mayar."

Malam ya juya. "Injiniya, ka yi bisimilla?"

"Allah gafarta Malam, direba ne ke ta yalla yalla, wai in yi sauri..."

"Khalas, shi ke nan. Ba ka yi ba." Ya koma ga yarinyar. "A wane bulo kike? A fasa shi, ki tafi."

"Ina cikin duka."

"Ƙarya kike. Ku iskoki ba a raba ku da ƙarya."

"To ku yi ta fasawa ɗaya-ɗaya, ku ga ko yarinya za ta kai Juma'a."

Ɗantsoho ya dubi firiza. Kwana sittin da bakwai ne a ciki, ga izinin zama yana ƙarewa. Ya dubi Mardiya, ko zai ga alamar dariya a gefen bakinta. Hawaye ya gani. Ya taɓa hannun 'yarsa, ya ji shi kamar an ciro daga randa.

"In na fasa, aikina ya mutu," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka sake wani," in ji muryar. "Tokar buhu na bar maka, ni dutsen Muƙattam zan koma. Amma sharaɗi ɗaya. Duk abin da za ka gina, ka bar wa iska wuri. Ƙananan ɗakuna, ko ido ba ya gani. Mai toshe ko'ina, gininsa ne ke fashewa."

Malam ya sa ta rantse sau uku. Ɗantsoho ya ɗauko taɓaryar ƙarfen Mardiya, ya hau rufin bene, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda har bawwab sai da ya ji, ya farfashe goman da suka rage. A na ƙarshe Fiddausi ta yi atishawa, ta ture bargo, ta ce, "Umma, wa ya lulluɓe ni a wannan zafin?"

Ya sake zuba sababbi, wannan karon da maganin da ke sa kumfa ƙanana a cikin kwaɓin. Kwana casa'in suna shiga firiza suna fita, ko ƙas ba a ji ba. Saura kwana tara izininsa ya ƙare aka danne su a injin gwaji. Dakta Mahasin, malamar da ke duba aikinsa, ta daɗe tana kallon takardar. Ƙarfin ya ɗan ragu, amma ba tsaga ko ɗaya, don ruwan da ya daskare ya sami inda zai miƙe.

Ta sauke tabarau ta dube shi, irin duban wanda ake zargi da satar amsa.

"Tamam, ya yi. Amma wata shida kana min gardama cewa iska rauni ce a kankare. Wa ya ba ka shawarar ka sa ta?"

Ɗantsoho ya sunkuyar da kai.

"Ita da kanta, Dakta."