Tagwayen Papa Essel

"Kuukua! Zo nan ki faɗa mini inda faya-fayaina suke zuwa!"

Kuukua ta tsaya cak a bakin ƙofar shagon, da ƙullin dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifin da ta kawo wa mahaifinta. Papa Essel na zaune a kan akwatin lasifika, jakar faya-fayansa a buɗe bisa cinya, yana shafa aljihunan da babu komai a cikinsu. A gefensa Jojo ya jingina da bango yana kaɗa makullin mota. Ya ɓata fuska kamar abin ya dame shi, alhali daɗi ne fal cikinsa.

"Papa, ai ina dawo da su... goma-goma nake ɗauka."

"Kina kai wa wa?"



"Ni fa ban so na faɗa ba, Papa," in ji Jojo, yana wani sauke murya. "Amma da idona na gan ta tana shiga da su wajen yaron nan mai kwamfuta."

"Yana da suna! Sunansa Ato!"

Duk wanda ya yi zama a Sekondi ya san Papa Essel. Shekara talatin da huɗu yana DJ, ba bikin aure, ba suna, ba jana'izar tsofaffi. Na'urorin kiɗansa guda biyu, waɗanda wani ma'aikacin jirgin ruwa ya kawo masa daga waje, su yake kira tagwaye, kuma ko Maame Adjoa matarsa ba ta isa ta goge musu ƙura ba. Kuukua kaɗai ya yarda wa. Tun tana shekara tara ya ɗora hannunta a kan farantin da ke saman na'urar, ya koya mata yadda ake riƙe waƙa ko a tura ta da yatsa har gangarta ta hau kan gangar wadda ke fita, da kunne kawai.

Shi kuwa Ato gyaran kwamfuta yake yi a ranakun aiki, Asabar da Lahadi ya yi DJ da laftof. Sau biyu yana neman izinin turo kawunnansa su ƙwanƙwasa ƙofa don neman aurenta, sau biyu Papa na cewa ƙofar a kulle take. Jojo, mai motar da ke ɗaukar musu lasifikoki, shi ma yana son Kuukua. In za a faɗi gaskiya, yana son Kuukua da lasifikokin.

"Gishirin teku yana cinye su, Papa," in ji Kuukua. "Kowane wata sai faifai ya mutu. Kwafe su muke yi kafin su ƙare..."

"Wa ya aike ku?" Ya rufe jakar da ƙarfi. "Mutumin da zai tsaya gaban jama'a ya zura wa allo ido kamar mai karanta wasiƙa, shi zan ba 'yata? Wanda inji ke yi wa aiki? Ki faɗa masa kada ya wahalar da kawunnansa!"

Ta ajiye abincin ta fita da gudu, don kada Jojo ya samu ganin hawayenta.

*

A bakin teku ta samu Ato da la'asar, wajen da masunta ke shanya taru. Yana hango fuskarta ya miƙe.

"Odo, masoyiyata... wa ya taɓa mini ke?"

"Jojo ya tona mana asiri. Papa ya ce ko a mafarki."

"To ai ni a farke nake sonki, mafarkin na mene ne?"

"Ato, ba wasa nake ba!"

"Ni ma haka, zuciyata." Ya zaro wata baƙar waya daga jakarsa ya ɗora mata a tafin hannu. "Kin ga wannan? A bayan kowane ɗaya daga tagwayen Papa akwai wata 'yar kafa, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa soka mata komai. In na haɗa su da laftof, waƙoƙin za su zauna a cikin kwamfuta, amma farantan ne za su juya su. Ba faifai, ba tsalle. Kuma manhajar tana da maɓalli ɗaya, kina dannawa ta daidaita miki ganguna biyu da kanta..."

Ta yi maza ta rufe masa baki da hannu.

"Wannan maganar ta maɓalli, kada ka kuskura ka yi ta a gaban Papa."

Ya sumbaci tafin hannun, ta janye tana hararar sa, murmushi na ƙwace mata.

"Ranar Asabar Anti Araba za ta cika saba'in," ta ce. "Mu ne da kiɗa. Ka zo da jakarka, ka zauna can baya."

"In yi me?"

"Ka zauna kawai. Ina son in riƙa ɗaga kai ina ganinka."

*

Anti Araba ita ce shugabar matan da ke sayar da kifi a Sekondi, kuma ba a yi wa matan kasuwar kifi kiɗan wasa. Tun azahar suka cika rumfuna cikin farin leshi, kowacce da farin hankici a hannu da baki a shirye. Papa na kan tagwayensa, Kuukua na miƙa masa faya-fayai, don idonsa ya daina karanta ƙananan rubutu, sai dai ba mai ƙarfin halin faɗa masa haka.

Wajen ƙarfe uku Anti Araba ta miƙe, aka buɗe mata fili.

"Kobina Essel! Sa mini waƙata!"

Tsohuwar waƙar hailaif ce, wadda aka buga ranar aurenta. Papa ya zura faifan, ƙahonni suka tashi, mata suka saki guɗa. Anti ta ɗaga hankici, ta yi taku ɗaya, biyu... sai waƙar ta maƙale a kan gaɓa ɗaya, tana ta maimaita ta.

Papa ya cire faifan, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar a ɗaya na'urar. Daidai wurin ta sake maƙalewa.

"Ei! Mai waƙar in'ina ta kama shi?" wata ta ƙwala daga baya.

"Papa Essel, ko kai ma gishiri ya fara cinka?"

Dariya ta ɓarke. Anti Araba ta tsaya a tsakiyar fili, hannu a ƙugu, ba ta ko murmusa ba. Kuukua ta kalli mahaifinta. Zuciyarta ta yi zafi. Ba ta tsaya neman izini ba, ta ɗaga hannu ta yafito Ato.

"Ba a kan tagwayena ba," Papa ya ce a hankali, haƙora a cije.

"Haba Papa, a bar shi mana," Jojo ya matso da fara'a. "Mu ma mu ga aikin zamani." Ya dafa kafaɗar Ato kamar tsohon aboki. "Ɗan'uwa, in ka zo haɗa ta biyu, ka danna maɓallin nan naku kawai, ka nuna wa tsofaffi."

Papa ya koma gefe ya zauna, ya harɗe hannuwa. Ato ya durƙusa bayan teburin ya soka wayoyi biyu, allunan tagwayen suka yi ƙifta suka karɓi laftof ɗin. Ya ɗora waƙar, ya danna babban maɓallin da ke kan na'urar Papa.

Ƙahonni suka sake tashi, garau. Waƙar ta iso inda take maƙalewa, ta wuce abinta sumul.

Filin ya kaure da ihu! Anti Araba ta juya, ta karkace kafaɗa, ta shiga rawa kamar ba ita ce mai saba'in ba. Kuukua ta ji kamar ta rungume Ato a gaban kowa.

Waƙar ta doshi ƙarshe. Ato ya ɗora ta biyu a ɗaya na'urar, yabo ya ɗan hau masa kai, ya kai yatsa kan maɓallin.

"Ato, kada..."

Ya riga ya danna.

Abin da Jojo ya sani, wanda Ato bai sani ba, shi ne waɗannan tsofaffin waƙoƙi mutane ne suka buga su da hannu. Mai ganga yakan ɗan yi sauri in daɗi ya kama shi, ya ɗan lafa in mawaƙi na jan numfashi. Manhaja kuwa ta saba da kiɗan inji, wanda ba ya gaba ba ya baya. Daƙiƙa biyar gangunan suka tafi tare, daga nan suka rabu, suka shiga dukan juna, kwaram-kwaram, kamar an zubar da kwanuka. Ƙafafun masu rawa suka rikice. Wata ta taka wata.

"Wannan kuma wane irin kiɗa ne, na korar aljanu?"

"Ku mayar da yaron nan ofis!"

Jojo ya juya baya yana danne dariya. Kuukua ta miƙa hannu za ta gyara, don ta iya, amma Ato ya girgiza mata kai. Ya rage sautin ta biyun, ya cire hedifon daga kansa, ya taka har inda Papa yake zaune, ya rusuna a gaban duk matan kasuwa.

"Papa, na yi kuskure. Waƙoƙinka duk suna ciki, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Amma ni ba ni da kunnen da zai haɗa su. Don Allah ka taso."

Papa ya kawar da kai.

"Kobina Essel!" Anti Araba ta daka tsawa. "Yaro ya durƙusa maka, waƙata na ƙarewa, kai kana zaune kana mulki? Tashi kafin in zo in ɗaga ka!"

Ya tashi yana gunaguni. Ya sa hedifon a kunne ɗaya kamar yadda ya saba, ya ɗora yatsu uku a kan farantin da alamar mai jiran abin ya ba shi kunya. Ya ja baya kaɗan, waƙar ta bi shi. Ya tura gaba, ta tafi. Kuukua na kallon girarsa tana ɗagawa sannu a hankali. Ya kashe maɓallin Ato da bayan yatsa, ya saurara, ya ɗan shafi gefen farantin sau biyu, ya ɗaga sautin.

Gangunan suka hau kan juna, ba wanda ya ji inda ta farko ta ƙare.

Daga nan fa biki ya koma biki. Papa na kiran sunan waƙa ba tare da ya waiwaya ba, Ato na ɗora ta kafin ya rufe baki. Waƙa shida a jere ba macen da ta zauna. Can Papa ya kalli Ato ta gefen ido, ya kira wata waƙa da ya tabbata faifanta ya mutu tun bara, don dai ya kama shi.

Ato ya ɗora.

"A ina ka samo ta?" Muryar Papa ta sauya.

"Faifanka ne, Papa. Kwana uku na yi ina goge shi, ina cirowa kaɗan-kaɗan."

Sautin jita ya fara, sai aka ji ƙara daga cikin rumfa. Maame Adjoa ce ta watsar da farantin abincinta ta fito fili, hannu biyu a sama.

"Kobina! Waƙarmu! Wayyo, waƙarmu ce!"

Da wannan waƙar ya nemi aurenta, shekara talatin da suka wuce. Papa ya tsaya yana kallon matarsa tana juyi cikin farin leshi, ya ciro hankici ya ce wai zufa ce ta shiga masa ido. Jojo kuwa ya tuna cewa bai kulle motarsa ba, kuma ba a sake ganinsa a rumfar ba.

Papa ya rage sauti, ya ɗauki makirufo.

"Akwai dangin yaron nan a cikinku?"

"Ga gwaggonsa nan!" mata suka turo wata gaba, tana gyara ɗankwali.

"To ki faɗa wa kawunnansa, ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ina gida. Su zo su ƙwanƙwasa. Ba sai sun buga da ƙarfi ba."

Guɗar da aka yi sai da ta tashi tsuntsayen da ke kan kwale-kwale. Kuukua ta faɗa jikin mahaifinta tana kuka tana dariya.

"Papa... na gode, Papa!"

"Sake ni, za ki karya ni." Ya juya ga Ato ya nuna shi da yatsa. "Kai kuma, ka sake taɓa maɓallin nan a gabana, na fasa. Gobe ƙarfe huɗu ka zo shago in buɗe maka kunne."

"To, Papa! Ko ƙarfe uku!"

Papa ya cire hedifon ya rataya wa Kuukua a wuya.

"Riƙe mini su. Uwarki na jirana."

Ya sauka fili yana gyara mayafinsa a kafaɗa, Maame Adjoa ta tarbe shi da hankici, mata suka zagaye su suna tafi. Kuukua ta ɗora hannu a kan farantin, hawaye na hana ta ganin komai sosai. Ta ji kafaɗar Ato ta taɓa tata.

"Wace waƙa zan ɗora miki, amaryata?"

Ta share ido, ta kalli iyayenta suna rawa, ta kalle shi.

"Nemo mafi tsawo, Odo. Ba na son su zauna."