Shirun Inna Dija

Da hantsi, ƙwayar wayar da ke dashe a bayan kunnen Inna Dija ta yi ɗumi, sai wata murya ta ce, "Kwantiraginki ya kusa ƙarewa. A ƙara shekara biyar?" Inna Dija ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. Daƙiƙa uku bayan haka, Masaniya ta rubuta cewa ta amince.

Masaniya ita ce abin alfaharin Gombe a shekarar 2094, kuma ta cancanta. Na'ura ce mai auna bugun zuciya da numfashi ta cikin wayar, ta gane abin da mutum ke so tun bai buɗe baki ba. Ta kashe layi a asibiti da tashar jirgin ƙasa, har masu mita suka rasa abin faɗa. Injiniya Hammadi ne ya ƙera ta wa kamfanin Zumunta, ya kuma ara mata muryarsa.

Sai dai likita ya ce dole a cire ƙwayar Inna Dija kafin wata ya mutu, in ba haka ba kunnen zai tafi. Ƙwayar da ke ƙarƙashin kwantiragi kuwa a kulle take, ba likitan da ya isa ya taɓa ta. Don haka Inna Dija ta ɗauki ƙanwarta Goggo Iya suka hau hawa na arba'in na benen kamfanin.

"Ni ban yarda ba," in ji Inna Dija.

Ma'aikaciyar, Malama Turai, ta haska allo cikin ladabi. "Inna, duba nan. Da aka tambaye ki, zuciyarki farin ciki ta yi. Masaniya ba ta taɓa kuskure ba."

Hayaniyar Goggo Iya ce ta fito da Injiniya Hammadi daga ofishinsa. Yana ganinsu ya durƙusa ya ce, "Inna, ke ce a nan?" Inna Dija ta ja mayafi ta juya wa bango fuska. A allon, layin zuciyarta ya sake tashi sama.

"To kun gani!" in ji Goggo Iya. "Kai Hammadi, da duk bokon nan naka? Kai ne ɗanta na fari. Tun da aka haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa amsa maka a fili ba, kunya ce irin tamu. Ka sa wa ƙarfe muryarka, shekara uku ba ka taka gida ba, ta ji ka a kunnenta, me kake so zuciyarta ta yi? Murna ta yi da kai, ba da takardarku ba."

Na'urar ba ta yi ƙarya ba, ta karanta zuciyar daidai. Dalilin murnar ne ya fi ƙarfinta. Hammadi kuwa, a yaba masa, bai tsaya kare kansa ba. Nan take ya soke ƙarin, ya kuma umarci a daina ɗaukar shiru a matsayin yarda. Kafin la'asar kwantiragi dubu ɗari huɗu suka faɗi, kujerarsa ta bi su.

Aka cire ƙwayar, kunnen ya tsira, muryar ta tafi. Ranar Juma'a Hammadi ya zo gida da ƙafarsa, ya zauna a bakin tabarma ya gaishe ta. Ta kau da kai, ta yi shiru. Mutumin da ya karanta zukatan mutum miliyan tara ya zauna yana kallon bayan mahaifiyarsa, bai san ko ta yafe masa ba.