Kwana Biyu a Jubail

Tas!

Marin da Yaya Oumarou ya kwaɗa wa Rahina sai da ya haɗa ta da firij, kofunan shayin da ke hannunta suka tarwatse a ƙasa.

"Yaya! Me na yi maka?"

"Ina kika kwana ran Juma'a da Asabar?"

"Unguwar Dir'iyya mana... gidan bikin da na je yi wa amarya ƙunshi. Ai kai ka kai ni!"

"Ƙofa na kai ki, ban ga shigarki ba. Saurara, mara kunya!"

Ya danna wayarsa. Muryar da ta fito, ko daga barci aka tashe ta Rahina ta san mai ita. Saidou ne, wanda saura sati uku a ɗaura musu aure. Har da 'yar dariyar nan tasa.

"...Rahina ai ba ta da gardama. Kwana biyu muka yi da ita a Jubail, ni da maigida. Duk wanda ya ja ta, bin sa take yi. Maigida ma ya ce da ita zai tafi Turkiyya, in ya gama ya ba abokansa su gwada..."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!

Zafin marin ya ɓace mata. Ita dai ta san ko hanyar garin Jubail ba ta taɓa takawa ba. Ashe ƙazafi ya yi mata kenan, da bakin nan da yake kiranta habibti.

"Wa ya turo maka?" ta tambaya.

"Bachir, abokin aikinsa, Allah ya saka masa. Kuma ba ni kaɗai ba. Duk 'yan Maraɗin da ke unguwar Utaiqa sun ji, har mai wankin motoci ya tare ni yana ba ni haƙuri!"

Rahina ta tsallake fasassun kofunan ta fizgo abayarta.

"Kai ni wurinsa."

Dama can Oumarou mai neman kuka ne, aka jefe shi da kashin awaki. Tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba, kuma bai taɓa son Saidou ba. Ɗan masuntan Madarunfa, in ji shi, ko a Riyad ɗin da babu kogi sai da ƙarnin kifi ya biyo shi, tunda a shagon kayan kamun kifi yake aiki. Shekara guda Rahina ta yi tana kuka da roƙo kafin ya amince. Yau ga abin da aka saka mata da shi.

Bayan la'asar suka isa unguwar Malaz, inda shagon yake. Shagon ba mai saye ko ɗaya. Bachir na jera sandunan fatsa a gefe, Saidou kuwa yana can ƙarshe a teburin aikinsa, yana goge wani ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu. Yana ganinta fuskarsa ta washe.

"Habibti! Yau wace rana..."

Ba ta bar shi ya ƙarasa ba. Da duk ƙarfinta ta zabga masa mari, ta zare zoben da ya ba ta ta jefe shi da shi a ƙirji.

"Haram alaik, Saidou! Me na yi maka? Don na so ka?"

"Rahina... me ya faru?"

"Jubail!"

"Jubail kuma? Ai na faɗa miki mun je da maigida..."

Wayyo, ɗan'uwa, da ka yi shiru! Jin haka Oumarou ya yi kukan kura ya haye teburin. Naushin farko ya fasa wa Saidou leɓe, na biyu ya kai shi ƙasa, kwalayen ƙugiyoyi suka zubo musu a ka. Saidou bai rama ba. Kare fuska kawai yake yi yana cewa, "Yaya, tsaya! Yaya, don Allah faɗa mini laifina!"

"Ni ba yayanka ba ne, ɗan iska!"

Hannun Oumarou ya kai ga ƙarfen nan da ke kan tebur. Ya ɗaga ya sauke a goshin Saidou, jini ya yi tsartuwa har jikin bango.

Rahina na tsaye tana kallo. Gaskiya ɗaya ce, a wannan lokacin ba ta so a raba ba. Zuciyarta cewa take yi a ƙara masa.

Sai da Oumarou ya danne hannun daman Saidou da gwiwa, ya sake saukar da ƙarfen a kan yatsunsa.

Ƙas!

Ƙarar da Saidou ya yi, ita ta dawo da ita hayyacinta.

"Yaya, khalas! Za ka kashe shi!"

Ta faɗa kansa ta riƙe masa hannu. Ya yi wurgi da ita, ƙarfen ya suɓuce ya faɗo gabanta. Ta yi maza ta ɗauke don kada ya sake kai hannu. Abin ya yi jina-jina, yana santsi. Ta sa gefen mayafinta ta goge, sai ta ji kamar zane a ƙarƙashin yatsanta.

Ta duba.

Haruffa shida ne, an sassaƙa su da kyau, har da ɗan fure irin wanda take zanawa a ƙunshi.

RAHINA.

"Saidou... mene ne wannan?"

Da ƙyar ya ɗago, ido ɗaya ya rufe da jini.

"'Yar nutso ce... In jirgi na tafiya a hankali, ita ke jan zare da koto zuwa ƙasan ruwa. Kifi na kamawa, sai ta saki ta taso." Ya haɗiyi jini. "Maigida na zuwa Turkiyya in ƙanƙara ta narke, kamun wani kifi mai ɗigo-ɗigo, tirawut. Lokacin kifin ba ya nisa da sama, waɗanda muke sayarwa kuma nutsonsu ya yi yawa. Shi ne na ƙera ƙarama... na sa mata sunanki. Na so in nuna miki ranar aurenmu."

Ta durƙusa kusa da shi.

"Ita... ita kuka kai Jubail?"

"Gwaji muka je, a teku."

"Ƙarya yake!" Oumarou ya daka tsawa, amma muryar ta riga ta sauka.

"Wayata na aljihu. Bachir ne ya tambaye ni yadda gwajin ya kasance, shi kaɗai na tura wa."

Rahina ta zaro wayar, ta nemo saƙon ta danna.

"Bachir, ka tuna 'yar ƙarfen nan da na ƙera na sa wa sunan amaryata? To wallahi ta yi nutso yadda ake so! Rahina ai ba ta da gardama..."

Kan maganar kawai aka yanke. Shi ke nan aikin da shaiɗanin ya yi.

Gaba ɗaya suka juya. Bachir ya riga ya kai bakin ƙofa yana sanɗa. Wannan Bachir ɗin, bara sau uku yana aiko wa Rahina turare tana mayar masa.

Kafin Oumarou ya miƙe ta riga shi. Ta fizgi sandar fatsa ta tsula wa Bachir a fuska, ta ƙara a wuya, ta ƙara a baya.

"Munafuki! Azzalumi! Allah ya isa tsakanina da kai!"

Sai da sandar ta karye gida biyu. Ya faɗa titi da rarrafe yana ihu, daidai lokacin da motar shurɗa, wato 'yan sanda, ta tsaya, don maƙwabta sun riga sun buga waya.

Oumarou ya dubi hannayensa, jini har gwiwar hannu. Kowa a wurin ya san sauran labarin. Kurkuku, a soke iƙamar zamansa a ƙasar, tarhil, wato kora zuwa gida, matarsa da 'ya'yansa uku su rasa mai riƙe su. Ya zauna daɓas a ƙasa.

Ɗan sandan ya shigo ya tsaya kan Saidou.

"Wa ya yi maka wannan?"

Saidou ya dubi Oumarou. Ya dubi Rahina, wadda ta durƙusa ta tallafe karyayyen hannunsa tana kuka kamar ranta zai fita.

"Daga tsani na faɗo, kaya suka danne ni," ya ce da Larabci. "Wannan surukina ne. Shi ya ɗaga ni."

Ɗan sandan ya daɗe yana kallonsu. Ya leƙa waje neman mai ihun, amma Bachir ya san abin da ke cikin wayarsa, tuni ya bi lungu. Daga ƙarshe ya ce a kai mai rauni mustashfa, wato asibiti.

A mota Oumarou na tuƙi yana shessheƙa kamar ƙaramin yaro.

"Saidou, ka rama. Don Allah ka karya nawa hannun."

"In na karya, wa zai ba ni aurenta, Yaya?"

Rahina ta kifa fuskarta a kafaɗarsa, ta manta da kunyar yayanta.

"Na tsaya ina kallo ana dukanka... Ban tambaye ka ba, masoyina. Ko sau ɗaya ban tambaya ba!"

"Ni ma da na ji irin wannan a kanki, ban san me zan yi ba. Daina kuka, habibti, kina jiƙa mini ciwo."

Washegari Oumarou da kansa ya bi 'yan Maraɗin Utaiqa ɗaya bayan ɗaya yana kunna musu cikakken saƙon, ya fara da mai wankin motoci. Ba a ɗaga auren ba ko da kwana ɗaya. Ango ya zo da ɗinki tara a goshi, hannu a naɗe.

Yatsu biyu dai ba su ƙara lanƙwasuwa ba, likita ya ce haka za su zauna. Maigida ya tafi Turkiyya da 'yan nutson shago, don ta Saidou tana cikin akwatin Rahina, ta ce ko wa ya zo ba ta bayarwa.

Wata huɗu bayan biki ya sake ɗaukar magogin ƙarfe, a ɗan teburin da ya kafa a ɗakinsu. Hannun ba ya iya damƙe komai da ƙarfi, don haka ita ke riƙe masa ƙarfen yana gogewa. Duk sanda idonta ya sauka kan yatsun nan biyu da suka miƙe sandandan, sai hawaye ya cika mata ido, ta kau da kai don kada ya gani.

Ya gani sarai.

"Amarya, riƙe da kyau mana, za ki sa in goge miki ƙunshi."

Ta share ido da kafaɗa, ta ƙara damƙewa.

"Ita kuma wannan wane suna za ka sa mata?"

Ya dubi hannunsa, ya dube ta.

"Na tuba, na bi Allah. Sunanta lamba biyu."