Wayar da Ta Ratsa Bangon Sito

Rana ta yi ja, tsuntsaye na komawa sheƙa, mai hoto ya gama ɗaura sabon katin sadarwa a cikin tsohuwar kwamfutarsa. Ya kai ta ɗakin sito ne don ta zama ma'ajiyar hotunan gida da na masu kawo masa aiki. Aibinta ɗaya, bidiyo guda sai ya wuni yana rarrafe kafin ya shige ta. Yanzu saura ya jawo waya mai sauri daga falo, ta ratsa bango.

"Baban Auta, ka bari sai da safe mana," in ji matarsa. "Duhu ya fara."

"Minti biyu ne."

Ya kafa injin huda. Ƙarfen ya ci siminti, ya ci bulo, sannan ya nutse cikin wani abu mai laushi. Can cikin bangon aka yi wata ƙara siririya, irin ta jinjiri. Ya tsaya, ya kasa kunne. Shiru. Ya zura wayar, ya jona, fitilar katin ta kama. Bidiyon ya wuce kamar ƙiftawar ido, har ya yi dariya shi kaɗai.

Washegari da almuru tsakuwa ta fara sauka a kan rufin kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba mai jifa. Ya buɗe kwamfutar, ya tarar duk fuskar da ke cikin hotunansa idonta na dama ya koma baƙin rami. A rana ta uku suka sami Auta, 'yarsu mai shekara goma sha huɗu, durƙushe a sito, ta dafe ido, tana gurnani da muryar da ba tata ba.

Yayan matar ya kawo wani malami mai ruƙiyya, dattijo marar yawan magana. Ya zauna a ƙofar sito yana karatu a hankali, har yarinyar ta sandare.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Mai gidan nan tun kafin a kafa tubalinsa." Muryar tsohuwa ce, a dushe. "Ɗana na barci a bango, wannan mutumin ya tsone masa ido da ƙarfe. Ya ji kukansa, ya yi dariya. Har yanzu wayarsa na kwance a kan shimfiɗar yaron."

Mai hoto ya tuna. Ya ji kukan, tabbas ya ji.

"Bai gan ku ba," in ji malam. "Za a cire wayar, a toshe ramin. Ki ji tsoron Allah, yarinyar nan ba ta yi miki komai ba."

"Shi nawa me ya yi? Ido zan ɗauka. Nata."

Yatsun Auta suka lanƙwashe, suka nufi fuskarta. Uwar ta yi kururuwa ta riƙe hannun.

"Ni na riƙe injin!" mai hoto ya faɗa. "Ki ɗauki nawa!"

"Kul!" Malam ya daka masa tsawa. "Ba a yi musu tayi!"

Amma magana ta riga ta fita. Auta ta juyo, ta daɗe tana kallon ubanta.

"Na karɓa," in ji muryar. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta.

Aka zare wayar, aka toshe ramin, aka bi da ita ta ƙasan ƙofa. Jifa ya tsaya, hotuna suka dawo daidai. Cikin mako guda, idon da mai hoto ke leƙa kyamara da shi ya yi fari fat. Likita ya duba, ya rasa dalili.

Auta ba ta tuna komai ba. Wata safiya ta kawo masa ruwa, ta tsaya tana duban fuskarsa.

"Baba, me ya sami idonka?"

Ya karɓi kofin, ya juya don ya gan ta sosai da ɗayan.

"Tsufa ne, Auta."